Dutsen Gida a Allon Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen madatsar ruwa ta Challawa, a ƙasar Karaye, da yammacin wata ranar kaka, ya ga yadda ruwa ya kwanta cikin kwari yana bin kowace kwana ta ƙasa, ya shiga nan ya fita can, har ido ya gaji. Bangon da ya tare ruwan ya kai tsawon kilomita 7.8, tsayinsa mita 42, kuma tun da aka kammala shi a 1992 yana iya riƙe ruwa har kubik mita miliyan 904. Kafin a zuba tifar dutse ta farko a wurin, sai da masu safiyo suka san siffar kwarin nan tudu da gangare, suka san inda ruwa zai tsaya in an tare shi, da gonakin da zai ci, da waɗanda zai bari. A wancan zamani aikin na injiniyoyi ne da manyan kamfanoni. Yau yaron da ya gama sakandare a Karaye ko Rogo, in yana da laftof da haƙuri, zai iya tayar da siffar wannan kwari a allo, ya juya ta, ya haska mata rana ta gabas ko ta yamma, ya zuba mata ruwa ya ga inda zai gangara.

Sana'a ce ta gaske, ana cin abinci da ita a harkar fim da wasannin kwamfuta da zanen taswira da aikin injiniya. Amma akwai wani tuntuɓe da kusan kowane sabon shiga ke yi, kuma saboda shi aka ɗauki alƙalami.

Ga yadda abin ke faruwa. Matashi ya sauke manhajar Blender, wadda kyauta ce, ya kunna wani ƙarin kayan aiki da ake kira A.N.T. Landscape, ya danna maɓalli ɗaya. Nan take sai ga tsauni ya miƙe a gabansa, mai ƙololuwa masu tsini kamar haƙoran zarto. Murna ta kama shi. Ya shafa wa saman fari a matsayin ƙanƙara, ya shafa wa gindin kore, ya tura wa abokai a WhatsApp, su kuma su yi ta yaba masa. Da zai ɗauki laftof ɗin ya kai wa kakansa da ya shekara hamsin yana noma a fadamar Zarewa ko Turawa, tsohon zai ɗan ƙura ido, ya kawo yatsa kusa da allo, ya ce: "To ɗan nan, in an yi ruwan sama, ina yake bi?" Yaron zai duba ya rasa amsa, domin tsaunin nasa cike yake da ramuka marasa mafita, babu rafi ɗaya da ya taso daga sama ya sauka ƙasa. Tambayar tsohon nan ita ce ainihin wadda ta ɗauki masana wannan fanni shekaru suna kokawa da ita.

Tarihin abin bai yi nisa ba. A ƙarshen shekarun 1970 akwai wani ma'aikacin kamfanin jiragen sama na Boeing a Amurka, Loren Carpenter, wanda ke son ya zana duwatsu a bayan hotunan jirage. Ya karanta littafin masanin lissafi Benoit Mandelbrot, wanda ya lura cewa abubuwa da yawa na halitta, irin su gaɓar teku da gajimare da tsaunuka, in aka gutsiro ƙaraminsu sai a ga ya yi kama da babbansu. Carpenter ya mai da wannan tunani dabara mai sauƙi. A ɗauki alwatika guda, a nemo tsakiyar kowane gefe nata, a ɗaga wannan tsakiya sama ko a sauke ta ƙasa da ɗan adadin da aka zaɓa da ka, sannan a haɗa su. Alwatika ɗaya ta zama huɗu. A maimaita wa kowace, huɗu su zama goma sha shida. In aka yi haka sau goma, an sami alwatika 1,048,576, kuma abin da ya fito ya fara kama da tsauni. A 1980 ya nuna wani ɗan fim na minti biyu mai suna Vol Libre a babban taron masu zanen kwamfuta na SIGGRAPH, inda mai kallo ke ji kamar yana shawagi a kan duwatsun da ba su wanzu a ko'ina ba. Kamfanin Lucasfilm ya ɗauke shi aiki, dabararsa ta fito a fim ɗin Star Trek II a 1982, daga baya kuma ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Pixar.

A 1983 wani masanin, Ken Perlin, ya fito da hanyar samar da hawa da sauka masu laushi, waɗanda ba su da tsari amma kuma ba su da kaushin ido. In aka jera manya da matsakaita da ƙanana a kan juna, sai a sami tudu da kwari. Wannan dabara ta samar masa lambar yabo ta fasaha daga masu ba da kyautar Oscar a 1997, kuma da irinta wasan Minecraft ke ƙirƙiro ƙasashensa. Maɓallin da yaronmu ya danna a Blender jikan waɗannan dabaru ne.

Sai dai duk da kyawunsu, lissafin nan bai san ruwa ba. Shi ya sa a 1989 Kenton Musgrave da abokan aikinsa biyu, Craig Kolb da Robert Mace, suka gabatar da wani aiki da ya sauya alƙiblar fannin. Sun sa kwamfuta ta yi ta zuba ruwan sama a kan tsaunin lissafi: ruwa ya kwashi ƙasa inda yake gudu, ya ajiye ta inda ya lafa. Suka ƙara wani nau'in zaizaya na biyu, inda duk gangaren da ya cika tsayuwa yake zubewa har sai ya daidaita. Manhajojin da ƙwararru ke aiki da su yanzu, irin su Gaea da World Machine da Houdini, duk suna da wannan zaizaya a cikinsu, kuma ita ce ke raba aikin gwani da na ɗan koyo.

A nan ne ɗan Karaye da ɗan Rogo ke da gata, ko da bai sani ba. Abin da Musgrave ya koya wa kwamfuta, shi yana ganinsa kowace damina a ƙofar gidansu. Ya fita bayan an ɗauke ruwan sama na watan Agusta, ya tsuguna a gefen hanyar da ba kwalta. Zai ga ƙananan layukan ruwa kamar jijiyoyin ganye, biyu su haɗu su zama ɗaya, wannan ya haɗu da wani ya ƙara faɗi. Zai ga inda ruwan ya sha kwana ya ci bangon waje ya bar yashi mai laushi a ciki. Zai ga inda ya fito fili ya baje, ya zubar da tsakuwa tukuna, sannan yashi, sannan taɓo can gaba. Zai ga wata 'yar tsakuwa da ta kare ƙasar da ke ƙarƙashinta, har ta tsaya a kan ɗan ginshiƙi kamar mai hula. Duk wannan a fili da bai fi tabarma biyu ba, kuma shi ne abin da kogin Challawa ke yi a tsawon tafiyarsa kafin ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. Haka kuma tulin yashin da tifa ta juye a wurin gini: komai yawansa, gangarensa ba ya wuce digiri talatin da 'yan kai, in an ƙara masa sai ya zube. Wannan shi ne nau'in zaizaya na biyu, a fili.

Harshen ma ya riga ya rarrabe masa abubuwan. Bahaushe bai ce wa komai "ƙasa" ya yi shiru ba. Yana da tudu da jigawa da fadama, yana da fako inda ƙasa ta ƙeƙashe ba ta shan ruwa, yana da marmara mai ja, yana da fa inda dutse ya shimfiɗu ake shanya a kansa, yana da kwazazzabo da ƙorama da kududdufi. Kowace kalma siffa ce da launi da irin ciyawar da ke fitowa a wurin. Mai gina ƙasa a kwamfuta da ya riƙe waɗannan kalmomi a kansa ya riga ya san abin da zai shafa a kowane gangare.

Saboda haka shawarar farko ita ce a fara da ƙasar gaske kafin ta ƙirƙira, kuma hanyar a buɗe take. Ginshiƙin aikin wani hoto ne mai launin toka da za a iya kira taswirar tsayi. Kowane ɗigo a cikinsa lamba ce: baƙi ƙasa-ƙasa ne, fari ƙololuwa, tokar da ke tsakani kuma matakan hawa. A Blender ana shimfiɗa faranti, a yayyanka shi ya zama raga mai dubban idanu, sannan a umarci manhajar ta ɗaga kowane ƙulli na ragar gwargwadon hasken ɗigon da ke kansa. Ƙasa sai ta kumbura ta tashi.

Daga ina hoton zai fito? A watan Fabrairun 2000 kumbon Endeavour na Amurka ya yi kwana 11 yana zagaya duniya ɗauke da na'urar radar mai kunne biyu, ɗaya a jikinsa, ɗaya a ƙarshen wata sanda mai tsawon mita 60. Ya auna tsayin kusan kashi 80 cikin 100 na doron ƙasa, a aikin da aka fi sani da SRTM. Shekaru da yawa abin da aka sake wa Afirka mai ɗigo ɗaya a kowace mita 90 ne, sai a watan Satumban 2014 aka fara sakin mai mita 30, kuma da Afirka aka fara. Yanzu kowa na iya sauke shi kyauta daga EarthExplorer na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, akwai kuma wani sabo na Turai mai suna Copernicus, shi ma mita 30, shi ma kyauta. An yanka bayanan SRTM gida-gida, kowane gida digiri ɗaya a tsaye da kwance, wato wajen kilomita 110 kowane gefe, da ɗigo 3,601 sau 3,601, kusan miliyan 13. Layin digiri 8 na gabas ya ratsa wannan yanki, garin Karaye yana dab da shi, Rogo na yamma da shi, don haka mai son ƙasar Karaye da Rogo gaba ɗaya sai ya sauke gida biyu, N11E007 da N11E008, ya ɗinke su a manhajar QGIS, wadda ita ma ba a biya, sannan ya yanko iya abin da yake bukata. Kada ya yi gangancin loda ɗigo miliyan 13 a ƙaramar laftof. Ya yanki kilomita goma ko ashirin, ya fara da raga mara yawa, ya ƙara mata idanu sai lokacin fitar da hoton ƙarshe, kuma ya riƙa adana aikinsa a kai a kai, tunda kowa ya san halin wutar lantarki.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata aikin mutane da yawa: hoton toka na yau da kullum matakai 256 kawai yake da su tsakanin baƙi da fari. A ƙasa mai shimfiɗa irin ta yammacin Kano, wannan yana sa gangare mai laushi ya fito kamar matakalar bene. A fitar da hoton a tsarin bit 16, mai matakai 65,536, matsalar ta kau.

Dole kuma mai koyo ya san iyakar abin da ke hannunsa. Ɗigo ɗaya mita 30 ne, wato filin ƙwallo gaba ɗaya bai wuce ɗigo takwas ba. Kwazazzabon da ya raba gonar babansa biyu, mai faɗin mita biyar, ba zai fito ba ko kaɗan. Radar ɗin kuma saman abin da ya tarar yake aunawa, don haka kurmi mai duhu ko gari mai cunkoso yakan fito kamar ɗan tudu. Ba ya ganin ƙarƙashin ruwa: tafkin Challawa, da yake ya riga ya cika shekaru kafin 2000, zai bayyana sumul kamar faifai, tsohon kwarin da ke ƙasansa a ɓoye. Inda bayanan kumbo suka tsaya, daga nan ƙafa da ido suke karɓa.

Wannan ya fi bayyana a kan duwatsun ƙasar Hausa su kansu. Tsaunin da manhaja ke bayarwa da dannawa ɗaya ɗan Turai ne, irin na Alps, wanda ƙanƙara ta fafe ta bar masa tsini. Namu daban suke. Kufena ta Zariya, da Kwatarkwashi ta Zamfara, da Dutsen Zuma da ke jikin tsohuwar takardar naira ɗari, duk curi ne na dutse mai tauri wanda ƙasar da ke kewaye da shi ta zaizaye ta bar shi tsaye shi kaɗai. Kansu a mulmule yake, jikinsu tsirara, gefensu ya sauko a tsaye ya haɗu da fili ba tare da dogon gangare ba. Suna ɓarewa fallen-fallen kamar albasa, ruwa ya ja musu baƙaƙen layuka daga sama zuwa ƙasa, a gindinsu kuma manyan duwatsu sun hau kan juna, bishiya ta tsiro a tsaga. Dala da Gwauron Dutse na birnin Kano kuwa wani iri ne, masu shimfiɗaɗɗen kai da jar marmara. Wanda ke son tsaunuka masu jere da juna sai ya nufi Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda ƙasar Kano ta fi tsayi, ko ya sauke bayanan Chappal Waddi a Taraba, mai mita 2,419, ko na Bagzan a ƙasar Azbin ta Nijar, mai mita 2,022.

Taswirar tsayi ba ta iya ɗaukar dutsen da ya hau kan wani, domin lamba ɗaya take bai wa kowane wuri, ba ta san kogo ko rumfar dutse ba. Irin waɗannan sai an sassaƙa su da hannu a cikin manhajar, kamar yadda maginin tukunya ke murza yumɓu, ko kuma a zagaya dutsen gaske da waya a ɗauki hotuna hamsin ko ɗari, kowane yana ɗan hawa kan na baya, a bai wa manhaja irin Meshroom ta haɗa su su zama siffa. Ranar da gari ya yi lumshi ta fi dacewa da wannan, saboda inuwa mai kaifi tana manne wa dutsen ta ƙi fita. Marubucin nan yana ganin duk matashin da ya tara duwatsu ashirin na yankinsu ta wannan hanya, ya gyara su ya adana, ya mallaki abin da ke da wuyar samu a rumbunan kayan zane na duniya, waɗanda suka cika da duwatsun wasu ƙasashe.

Haske da yanayi su ne ke ƙarasa aikin. A hunturu hazo yana haɗiye nesa, tudun da ke can gaba ya zama inuwa mai ruwan toka, rana ta zama farin faifai. A damina iska ta wanke, kore ya yi kore, jar hanya ta fito kamar an ja ta da alli. Bishiyun ma ba a watsa su kamar gero: ɗorawa da kaɗanya suna tsaye ɗai-ɗai cikin gonaki, kuka tana yawan nuna inda gari yake ko ya taɓa zama, rake da kayan lambu suna bin fadama. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saɓanin sauran. Wanda ya sa wa gawo ganye a hoton watan Agusta, manomi zai gane cewa bai taɓa kula da shi ba.

Akwai batun amana. Ƙasar Karaye da Rogo tana da tudu da kwari, amma hawa da saukarta kaɗan ne in aka kwatanta da faɗinta, don haka idan aka tayar da ita a ma'auninta na gaskiya za ta fito kusan a kwance. Masu taswira sukan ninka tsayi sau biyu ko uku domin ido ya gani, kuma wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ninka sau goma a yi shiru. In aikin na fim ne, mai shi yana da 'yancin ƙirƙira. In kuwa za a nuna wa dagaci ko kansila ko ƙungiyar manoma don a yanke shawarar inda za a yi magudana ko gada, wajibi ne a rubuta a jikin hoton sau nawa aka ninka, da inda aka samo bayanan, da shekarar da aka auna su. Mutanen Kano ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ba, na Maiduguri kuma suna ɗauke da tabon ambaliyar Alau ta Satumban 2024. Irin wannan siffa ta ƙasa ce ake amfani da ita a hango inda ruwa zai bi in ya ƙwace, kuma bayanan mita 30 suna nuna hoton gaba ɗaya ne kawai, ba sa maye gurbin ma'aunin mai safiyo. Matashin da ya san wannan, ya kuma faɗe shi da bakinsa, shi ne wanda za a sake kira.

Ƙarancin kayan aiki gaskiya ne, ba a musunta shi. Amma a Kaduna wasu samari da ke kiran kansu The Critics sun fara finafinan almarar kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle, suna haɗa siddabarun hoto a Blender, har labarinsu ya zagaya duniya a 2019, daga baya daraktan Hollywood J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki. A watan Maris na 2025 kuma fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ƙaramar tawaga ta yi da Blender, ya lashe Oscar na finafinan zane. Manhajar da Ton Roosendaal na Holan ya sake wa duniya kyauta a 2002, bayan jama'a sun yi karo-karon Yuro 100,000 sun fanshe ta, ita ce dai wadda ke cikin laftof ɗin yaron Karaye. Kannywood na nan tana bukatar wanda zai gina mata ganuwa da duwatsun zamanin da don finafinan tarihi. Wanda kuma zuciyarsa ta fi karkata ga taswira da ma'auni, akwai sashen nazarin ƙasa a Jami'ar Bayero, akwai fannin safiyo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai Makarantar Safiyo ta Tarayya a Oyo, kuma wanda ya shiga da hannunsa ya riga ya saba da QGIS ya tsere wa ajinsu da zango guda.

Aikin farko da ya dace ba ya bukatar tafiya mai nisa. Mai koyo ya zaɓi ƙorama ɗaya da ya sani tun yana yaro, a Yammedi ko Fulatan ko Gwangwan, ya yanko kilomita biyar da ke kewaye da ita daga bayanan kumbo, ya tayar da ita a allo. Sannan ya rufe laftof, ya bi ƙoramar da ƙafa daga inda ta taso, da littafi da waya, yana rubuta inda ta ci gaɓa, inda ta bar yashi, inda fa ya fito, inda makiyaya ke tsallakewa da shanu. Ya dawo ya sassaƙa abin da kumbo bai gani ba, ya kunna zaizaya kaɗan-kaɗan har layukan ruwa su fito, ya fitar da hoto biyu, ɗaya na Agusta ɗaya na Janairu. Daga nan ya ɗauki laftof ɗin ya koma wurin tsohon nan, ya ajiye masa a kan tabarma, ya bar shi ya bi ruwan da yatsa tun daga tudu har fadama.